Shin Ana Koyon Shugabancin Jami'a a Aji?

Idan aka ce jami'a, abin da yakan fara faɗowa a zuciyar mutum shi ne malami a gaban allo, da ɗalibai jere a kan benci. Amma duk wanda ya taɓa bin layi don yin rajista, ko ya nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ya yi zaman jiran takardar sakamakon jarrabawarsa, ya san akwai wata runduna ta uku wadda ba ta koyarwa, ba ta kuma ɗaukar darasi, amma ba abin da ke motsi a jami'a sai da sa hannunta. Su ne mutanen ofis: magatakardan jami'a da mataimakansa, da ma'aji da akawunansa, da sakatarorin tsangayoyi, da masu lura da harkokin ɗalibai. A hannunsu fayil yake kwana ɗaya ya wuce, a hannunsu kuma yake shekara bai motsa ba. To, tambayar da nake so mu tattauna, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ita ce: su waɗannan mutane, da waɗanda za su shugabance su gobe, daga ina ya kamata su fito? Daidai ne a ɗauki saurayi ko budurwa da suka gama digiri jiya, a ce za a horar da su don su riƙe jami'a? In kuwa daidai ne, mene ne za a iya koya musu, mene ne kuma ya fi ƙarfin aji?

Wannan tambaya ba ta shaci-faɗi ba ce, domin an riga an gwada abin a wata ƙasa. A Birtaniya, cikin shekarun 2010, wasu jami'o'i sun haɗa kai da ƙungiyar shugabannin ofisoshin mulkinsu, suka gudanar da wani shiri mai suna Ambitious Futures, wanda aka ce an kafa shi don renon shugabannin jami'a na gaba. Akan tace masu sabon digiri, a ɗauki 'yan kaɗan, a riƙa biyansu albashi, sa'an nan a yi ta juya su daga wannan ofis zuwa wancan har tsawon shekara ɗaya da 'yan watanni. Wani zangon ma akan tura mutum wata jami'ar dabam, don ya ga yadda ake yi a gidan wasu. A gefe guda kuma yana karatun sanin makamar shugabanci, akwai kuma wani babba da aka haɗa shi da shi yana yi masa jagora. Ba su ne suka ƙago dabarar ba. Hukumar lafiya ta wannan ƙasa tana da shiri irin wannan na horar da masu gudanar da asibitoci tun 1956, manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati su ma sun daɗe suna yi.

Kafin mu yanke hukunci, ya kyautu mu san abin da ya kawo bukatar. Asalin jami'a a Turai ƙungiya ce ta masu sana'a ɗaya, kamar yadda maƙera ko marina suke da tasu. A Bolonya ta ƙasar Italiya, wadda ake ƙirga farkonta daga 1088, ɗalibai ne suka haɗu suka zama ƙungiya, suna ɗaukar malamai haya, suna cin tarar wanda ya makara, shugaban jami'ar ma daga cikinsu ake zaɓensa. A Faris ta Faransa kuwa malamai ne ke riƙe da ragama. A duka biyun babu wani rukuni na musamman da aikinsa kawai mulki ne, don abin bai yi yawan da zai gagari masu shi ba. Haka nan tsangayar alaramma a ƙasar Hausa ba ta bukatar magatakarda. Malam ya san kowane almajiri da sunan ubansa da inda allonsa ya tsaya.

Yawa ne ya sauya al'amari. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948 da ɗalibai 104. A 1962 jami'o'in Nijeriya biyar ne: Ibadan, da Nsuka, da Ife, da Legas, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1975 aka ƙara bakwai, yanzu kuwa sun haura 200, wasunsu kowace tana da ɗalibai dubbai masu yawa. Jami'a irin wannan ta zama gari guda, mai asibiti da gona da rijiyoyin burtsatse da injin wuta da 'yan gadi, ga albashin dubban ma'aikata, ga 'yan kwangila, ga shari'u a kotu. A Ingila abin ya ɗauki wani salo na dabam. A 1985 wani kwamiti a ƙarƙashin Sa Alex Jarratt ya ba da shawara a riƙa ɗaukar mataimakin shugaban jami'a tamkar babban manajan kamfani. A 1998 aka fara karɓar kuɗin makaranta fam 1,000 a shekara, a 2012 iyakar abin da ake iya karɓa ta kai fam 9,000. Da kuɗi suka shigo haka, sai aka shiga gasar neman ɗalibai da talla da lissafin riba da faɗuwa. A cikin wannan yanayi ne shirin da na ambata ya tsiro, kuma wannan asali nasa abin lura ne, za mu komo kansa.

Bari mu fara da hujjar masu goyon baya, don tana da ƙarfi ƙwarai. Hujja ta farko ita ce, riƙon jama'a da dukiya sana'a ce, kuma gwaninta a wata sana'a ba ta gadar da ita. A jami'o'inmu na tarayya, shehun malami ne akan naɗa mataimakin shugaban jami'a, ya yi zango ɗaya na shekara biyar. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin gwaje-gwaje ko a cikin tsofaffin littattafai, rana ɗaya a miƙa masa kasafin kuɗi da ƙungiyoyin ma'aikata da rikicin fili. In ya yi sa'a ya taɓa riƙe sashe ko tsangaya, ya ɗan ga hanya. Amma ko ya gani, shekara biyar ba ta da yawa, kuma zai tafi. Waɗanda za su zauna, su riƙe tarihin kowace doka da kowane alkawari, su ne mutanen magatakarda, wanda shi ne sakataren hukumar gudanarwa da majalisar malamai. In waɗannan ba su san aikinsu ba, shugaba komai ilminsa makaho ne da aka ba ɗan jagora makaho. Akwai darasi a kan wannan cikin hadisi. Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, sahabi ne da ba a shakkar tsoron Allahnsa, amma da ya nemi a ba shi wani aikin mulki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya nuna masa yana da rauni ga wannan aiki, kuma abin amana ne. Ke nan nagarta ita kaɗai ba ta wadatar ba. In taƙawa ba ta mai da mutum gwanin mulki ba, yaya digirin digirgir a ilmin tsirrai zai mai da shi?

Hujja ta biyu ta adalci ce. Kowa ya san hanyar da sau da yawa ake bi a shiga aikin ofis a ƙasarmu: ɗan wane, ƙanen matar wane, wasiƙa daga wani babba. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa ya shigo da bashi a wuyansa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da mai gidansa ya aiko da sunan yaron da bai ci jarrabawa ba, da wane baki zai ce a'a? Shiri mai ƙofa ɗaya a buɗe, wanda ake shela, a yi jarrabawa, a ɗauki wanda ya fi, yana yanke wannan igiya tun daga tushe. Max Weber, masanin zaman jama'a na ƙasar Jamus wanda ya rasu a 1920, ya bayyana cewa ƙarfin aikin ofis na zamani yana cikin abubuwa kaɗan: rubutacciyar doka, da ajiye takardu, da ɗaukar ma'aikaci bisa cancanta, da raba kujera da mutumin da ke kanta. Ana yawan kukan sanyin wannan tsari, amma a cikinsa ne kariyar talaka take. Ɗiyar manomi daga ƙauye wadda ba ta san kowa ba, ba ta da wani gata a jami'a in ban da dokar da ba ta duba fuska.

Mu a Arewa ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Makarantar da ke Kongo a Zariya ta fara ne a 1947 a matsayin wurin horar da akawuna, a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, a 1962 aka shigar da ita cikin Jami'ar Ahmadu Bello. A ƙarshen shekarun 1950, lokacin da mulkin kai ya gabato, aka ga Turawa za su tafi su bar kujeru, a nan aka riƙa horar da samarin Arewa don su karɓi aikin di'o da sauran manyan ofisoshi. Shugabannin wancan zamani sun gane ba a fafe gora ranar tafiya. Abin mamaki shi ne, jami'a wadda ta horar wa ƙasa da masu mulkin lardi da alƙalai da akantoci, ita kanta sau da yawa takan bar ma'aikacin ofishinta ya koyi aiki ta hanyar laluben duhu, yana kwaikwayon wanda ya tarar, da kyakkyawan halinsa da mummunan.

To, in haka ne, ina abin jayayya? Abin jayayya yana cikin kalma ɗaya, watau shugabanci. Da an ce horon aikin ofis ne kawai, da ba mai ɗaga gira. Amma an ce za a koyar da shugabanci, an kuma yi wa ɗan shekara 22 albishir da shi tun ranar da ya shigo. A nan ne tsohuwar tambayar masu falsafa ta tashi. A cikin littafin Aflatun mai suna Meno, an tambayi Sukurat ko ana iya koyar da nagarta. Daga cikin abin da ya sa shi kokwanto akwai wannan: manyan shugabannin birnin Atina, irin su Firkilis, sun sa an koya wa 'ya'yansu hawan doki da kokawa da kiɗa, suka ƙware, amma ba su iya ba su hikimar da su kansu suka yi mulki da ita ba. Da abin koyarwa ne, ai da 'ya'yansu za su fara ba. Almajirin Aflatun, watau Aristotal, ya ƙara fito da maganar fili. Ya lura yaro yana iya zama gwanin lissafi, amma da wuya a sami yaro mai hikimar zartar da al'amura, don ita wannan hikima tana tsirowa ne daga gogayya da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, gogayya kuwa sai da shekaru.

Mu ɗauki misali daga cikin gida. A ce doka ta ce ranar kaza za a rufe rajista. Bayan kwana uku sai ga yarinya ta zo, ta ce mahaifinta ne ya rasu, ga shi ba ta da takardar asibiti don a gida ya cika. Bayanta kuma ga wani saurayi da irin wannan labari, amma shi ƙarya yake yi. Littafin doka bai bambanta su ba, kuma ba wata lacca da za ta koya wa mutum yadda zai bambanta su. In jami'i ya buɗe wa kowa ƙofa, doka ta mutu, gobe masu gata ne za su fi kowa cin moriyar mutuwarta. In ya rufe wa kowa, ya zalunci marainiya, wataƙila ya kashe mata karatu har abada. Abin da ake bukata a nan shi ne ido mai gane mutane, da zuciyar da ta damu, da ƙarfin halin ɗaukar alhakin hukunci. Ana iya rubuta sunayen waɗannan abubuwa a allo, ɗalibi ya haddace ya ci jarrabawa, alhali ko ɗaya bai shiga jikinsa ba.

Haɗari na biyu shi ne abin da alkawarin shugabanci yake yi wa zuciyar matashi. An ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi mulki, ya bayyana masa wanda aka ba don ya roƙa akan bar shi da kayansa, wanda aka ba bai roƙa ba kuwa akan taimake shi. Aflatun ma, a littafinsa na Jamhuriya, yana ganin garin da ya fi dacewa shi ne wanda masu mulkinsa ba su ɗokin mulki. Yanzu a dubi saurayin da aka ce masa shi zaɓaɓɓe ne, yana kan gajeriyar hanya zuwa sama. Zai shiga ofishin jarrabawa ya tarar da dattijon da ya shekara 25 a wurin, wanda ya san inda kowane fayil yake. Da wane ido zai dube shi? Akwai tsoron ya ɗauki kowane ofis matakala ce kawai, ya fi damuwa da abin da zai rubuta a takardar neman ƙarin girma bisa abin da zai gyara, ya ƙago sabon tsari don a ce shi ya kawo, ya wuce gaba kafin a ga ɓarnarsa. Girman kai rawanin tsiya ne, ya fi muni kuma in an naɗa wa mutum shi tun bai yi aikin komai ba.

Haɗari na uku ya fi waɗannan zurfi, kuma shi ne ya sa na ce mu riƙe asalin shirin na Ingila a zuciya. Ilmin gudanarwa, kamar yadda aka saba koyar da shi, ya taso ne daga masana'antu da kasuwanci. Yana son abin da ake ƙirgawa: mutum nawa suka shiga, nawa suka fita, nawa aka kashe. Jami'a kuwa mafi darajar aikinta ba ya hawa sikeli. Malamin da ya shekara goma yana tattara kalmomin wani harshe da ke gab da ɓacewa, ko yana nazarin rubutattun waƙoƙin ajami, a idon mai lissafi asara ce, ɗalibansa kaɗan ne, ba ya kawo kuɗi. Wanda aka horar ya ga ɗalibi a matsayin mai sayen kaya, zai yi wuya ya fahimci cewa wani lokaci babbar hidimar da jami'a za ta yi wa ɗalibi ita ce ta kayar da shi a jarrabawa. Ɗan kasuwa ba ya korar mai ciniki, amma jami'ar da ba ta iya kayar da kowa takardarta ta zama takardar tsire. A Amurka wani malamin kimiyyar siyasa, Benjamin Ginsberg, ya wallafa littafi a 2011 yana kukan cewa ma'aikatan mulki sun yawaita a jami'o'in ƙasarsa har sun ƙwace ragama daga hannun malamai. Ko mutum bai yarda da duk abin da ya faɗa ba, kukan nasa ya isa a saurara.

Tarihinmu ma yana da abin da zai ce a kan hukuncin da aka yanke daga nesa. A 1978 aka ƙara wa ɗaliban jami'o'in Nijeriya kuɗin abinci da sule biyar, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2 a rana. A takarda ƙaramin abu ne, kuma mai lissafi zai iya kare shi da hujjar tsadar kaya. Amma a watan Afrilu na wannan shekara ɗalibai suka fito zanga-zangar neman a sauke kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka yi asarar rayuka a Legas da Zariya. Sa'an nan a 1995, bayan rikici ya yi tsanani a Jami'ar Ahmadu Bello, gwamnatin soja ta naɗa Manjo-Janar Mamman Kwantagora kantoma, ya riƙe ta har 1998. Ba ina auna aikin mutumin ba ne a nan. Abin lura shi ne tunanin da ke bayan naɗin, watau cewa mulki mulki ne, wanda ya iya riƙe bariki zai iya riƙe jami'a. Duk shirin horon da aka gina a kan cewa jami'a da kamfanin siminti abu ɗaya ne, ɗan'uwan wannan tunani ne, ko da mai shi ya sa kwat maimakon kaki.

To, ina mafita? Ni a ganina tana cikin ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Shi ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma kafa hujja da abu biyu: yana tsare abin da aka damƙa masa, kuma ya san aikin. Malamai sun daidaita wannan da hanin da ya gabata da cewa neman aiki ba laifi ba ne ga wanda ya san zai iya, kuma nufinsa gyara ne. Saboda haka ɗalibin da ya ce shi burinsa ya yi aikin ofis a jami'a bai yi abin kunya ba, ya ma cancanci yabo, don galibin masu kaifin ƙwaƙwalwa sukan guji wannan aiki su bar wa wanda ya rasa abin yi. Amma sharuɗɗan nan biyu ba hanyarsu ɗaya ba. Sani ana ba da shi a aji: dokar jami'a, da lissafin kuɗi, da rubuta rahoton taro, da adana bayanai a kwamfuta, da dokar ƙwadago. Wannan wajibi ne a koyar, kuma sakaci ne a bar shi. Riƙon amana kuwa a jiki yake shiga, ta hanyar maimaitawa da zama kusa da mai shi, kamar yadda ɗan maƙeri yake fara da zuga-zugi shekara da shekaru kafin a ba shi masaba. Aristotal ma haka ya gani: mutum yana zama adali ne ta yawan aikata adalci.

Ke nan shirin horo yana da amfani gwargwadon yadda ya yi kama da zaman ɗan koyo a maƙera, yana da illa gwargwadon yadda ya yi kama da naɗin sarauta. Shi kansa Aflatun, da ya tsara yadda za a reni masu mulki, bai yarda su hau kujera daga aji ba. Ya ce bayan dogon karatu, daga shekara 35 su koma cikin jama'a su yi ƙananan ayyuka har shekara 15, sai sun kai 50 sa'an nan a ba su ragama. Ba lalle mu bi lissafinsa ba, amma tsarin abin koyi ne. Mafi kyawun abin da ke cikin shirin Birtaniya, a ganina, shi ne juya mutum ofis-ofis da haɗa shi da babba. Mafi rauninsa kuwa sunan da aka laƙaba masa.

Da wata jami'a tamu za ta kafa irin wannan shiri, kuma ina ganin ya kamata, ga abin da zan roƙa. A shelanta shi a fili, a ɗauki mutane ta jarrabawar da mutanen waje za su sa wa ido. Zangon farko kada a kai ɗan koyo ofishin shugaba. A zaunar da shi a tagar da ɗalibai ke kawo kuka, ya yi wata shida yana ganin fuskokin waɗanda takardunsu suka ɓace. A sa shi ya kwana a ɗakin ɗalibai lokacin zafi da ƙarancin ruwa. A sa shi ya bi wani malami ya ga yadda ake shirya lacca, da yadda ake duba takardun jarrabawa ɗari biyar, da yadda bincike yake cin shekaru kafin ya haifi shafi goma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda kuma zai riƙe makullin ɗakin ya kamata ya taɓa kwana a ciki da damina. A koya masa tarihin jami'a da dalilin da ya sa hukuncin ilmi yake hannun majalisar malamai, don ya san iyakar kujerarsa. A kuma buɗe wannan horo ga tsofaffin ma'aikata, kada a raba ofis gida biyu, 'yan gata da 'yan bora. Daga ƙarshe, kada a yi wa kowa alkawarin kujera. A ce masa an ɗauke shi ya koyi hidima, sauran kuma aikinsa ne zai faɗa.

Shehu Magili, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi bayanin irin ma'aikatan da sarki yake bukata, har da marubuta da masu lissafin dukiya, ya nuna mulki ba ya tafiya sai da su. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne kada mai mulki ya ɓuya wa talakawansa. Wannan ma'auni ya isa a gwada kowane horo da shi. In wanda ya fito daga cikinsa ya ƙara kusantar ɗalibi da malami, ƙofarsa a buɗe, horon ya yi. In kuwa abin da ya ƙaru da shi shi ne sabon turanci da masinja a bakin ƙofa, an yi asarar kuɗi.

Malamanmu su ma akwai nasu rabo a wannan magana. Ba daidai ba ne malami ya riƙa duban ma'aikacin ofis a matsayin wanda karatu ya gagara, sa'an nan ya dawo yana kukan an ƙwace masa jami'a. Wanda ya ƙi halartar taron kwamiti, ya ƙi karanta takardun majalisa, ya ƙi miƙa sakamako a kan lokaci, shi da kansa ya miƙa ragamar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuma ɗalibai, daga cikinmu ne magatakardan gobe zai fito. Wanda yau yake zagin ofis don an ɓatar masa da takarda, bayan shekara goma yana iya zama shi ne a bayan teburin, wata yarinya tana tsaye a gabansa da labarin rasuwar mahaifinta. Abin da zai yi a wannan rana ya fara ginuwa tun yanzu, a yadda yake riƙe kuɗin ƙungiya, da yadda yake bin layi, da abin da yake yi in abokinsa ya roƙe shi ya sa masa hannu a takardar halartar laccar da bai zo ba. Allah ya ba jami'o'inmu masu sanin aiki, masu tsare amana, amin.